Yadda Ake Gane Famfon Kwashe Ruwa na Ƙarƙashin Gida, a Gwada Shi, a Kula da Shi

Gidan da ke da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ko wanda aka gina a inda ruwan ƙasa yake kusa, sau da yawa za ka tarar da wani rami a kusurwar da ta fi gangara a daɓen. An binne bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa kewaye da harsashin ginin, shi ke tattaro ruwan da ke neman kutsawa ta bango ya zubo shi cikin wannan rami. Famfon da ke zaune a ramin shi ke ɗaga ruwan ya fitar da shi waje. Watanni yana iya yi bai ce uffan ba, shi ya sa ake mantawa da shi, sai daren da aka kwana ana tafka ruwa a gane ya daɗe da mutuwa.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, galibin ranakun da famfon nan ya ƙi aiki, injinsa lafiya lau yake. Laifin yakan fito daga makunnin da ke tayar da shi in ya maƙale, bawul mai hana ruwa komowa in ya saki, bututun da ya toshe, ko wutar da ba ta isowa. Duk waɗannan ana gano su da bokitin ruwa da tocila.

Da farko ka tabbatar ramin da kake kallo shi ne

A wasu gidajen rami biyu ne. Ɗaya na ruwan ƙasa, ɗaya na ƙazantar banɗakin da ke ƙasa da layin magudana. Na ƙazanta za ka gan shi da murfi ɗaure da kusoshi, an liƙe bakinsa, bututu biyu na fita daga murfin: na fitar da ƙazanta, wanda yawanci inci 2 ne, da na fitar da iska. Wannan kada ka buɗe shi don gwaji. Na ruwan ƙasa kuwa bututu ɗaya ke tashi daga cikinsa, inci 1.5 ko 1.25, ruwansa kuma ba ya warin banɗaki. In kana shakka, sa wani ya kora ruwa a banɗakin ƙasa kai kuma ka saurara. Ramin da ka ji ruwa na zuba ciki shi ne na ƙazanta.

Ramin ruwan ƙasa yawanci faɗin bakinsa wajen santimita 45 ne, zurfinsa wajen 60. Ka auna naka, don lissafi zai zo a gaba.

Famfon iri biyu ne. Akwai mai tsaye, wanda injinsa ke saman wani dogon ƙarfe sama da bakin rami, farfelar kaɗai ke cikin ruwa. Yana da ƙara, amma gyaransa da sauƙi, kuma yakan fi daɗewa saboda injin ba ya jiƙa; in ruwa ya taɓa kai wa injin kuwa, an gama. Akwai kuma mai nutso, wanda dukansa ke kwance a gindin rami. Shiru gare shi, ya fi iya haɗiye 'yan ƙananan tsakuwa, kuma ruwan da yake ciki shi ke sanyaya masa jiki. Wannan dalilin ne ya sa ba a barinsa ya yi ta juyawa a busasshen rami.

Sai makunni, wanda shi ne ya fi ba da wahala. Wani ƙwallon roba ne a bakin 'yar waya, yana iyo, in ruwa ya ɗaga shi ya miƙe sama sai wuta ta haɗu. Irin wannan yana son fili, a ƙuntataccen rami yakan harɗe da bututu ko ya jingina da bango ya tsaya. Wani kuma ƙwallon yana hawa yana sauka a jikin sanda a tsaye, shi ya fi dacewa da ƙaramin rami. Akwai mai aiki da nauyin ruwa a kan wata fatar roba, akwai kuma na lantarki mai 'yan ƙarafa biyu da ke jin taɓawar ruwa. Waɗannan biyun ba su da abin da za ka ɗaga da hannu, da ruwa kawai ake gwada su.

Duba filogin ma. In ka ga filogi biyu a goye, ɗaya cake a bayan ɗaya, na gaba da ke cikin soket na makunni ne, na baya na famfo. Wannan tsari zai yi maka amfani ranar neman laifi.

Akwai 'yar farantin bayani a jikin famfon. Ka ɗauki hotonta tun rubutun bai goge ba. A nan za ka ga ƙarfin wutar da yake ci, bolt 110 zuwa 120 ko 220 zuwa 240, da ƙarfin injin, wanda a gidaje yawanci sulusi ne ko rabin ƙarfin doki, da iyakar tsayin da zai iya tura ruwa, da yawan ruwan da yake ja. Kada lambar yawan ruwan ta ruɗe ka: babbar lambar da ake rubutawa ta lokacin da babu hawa ce. Da zarar ruwan zai hau mita 3 ya bi gwiwoyin bututu, adadin ya ragu sosai.

Bi bututun da ido

Daga kan famfon, bututu zai tashi tsaye. Kaɗan a sama za ka ga wani kumburarren yanki ɗaure da zoben ƙarfe sama da ƙasa. Shi ne bawul mai hana ruwa komowa. Akwai kibiya a jikinsa, dole ta kalli sama, wato inda ruwa ke tafiya. Amfaninsa a fili yake in ka yi lissafi: kowace mita ta bututun inci 1.5 tana riƙe da kusan lita 1.3, don haka tsayin mita 3 ya kusa lita 4. In babu bawul, ko ya lalace, duk sanda famfo ya tsaya wannan lita huɗun za ta sulalo ta koma rami, famfon ya yi ta ɗaga ruwa ɗaya sau da yawa.

Tsakanin famfo da bawul, a cikin rami, ya kamata a sami wani ɗan huji a jikin bututu, faɗinsa kamar milimita 5, an huda shi yana kallon ƙasa. Mutane da yawa in suka ga ruwa na tsartuwa ta nan sai su ɗauka yoyo ne su liƙe shi. Kada ka liƙe. In rami ya bushe, iska kan cika cikin famfon. Ruwan da ke saman bawul ya danne shi a rufe, iskar ta rasa mafita, farfela ta yi ta kaɗa iska ruwa bai motsa ba. Ta wannan huji iskar ke kuɓucewa. Wasu famfunan da nasu hujin a jikinsu, amma shi ma laka na toshe shi.

Gwajin bokiti

Kafin komai, wuta da ruwa ne a wuri ɗaya. Ka sa takalmin roba, ka tsaya a busasshen wuri, kuma kada hannunka ya shiga ruwan rami alhali filogi na cikin soket. In daɓen ya riga ya cika da ruwa, kada ka taka ciki ka je cire filogi, ka kashe wutar daga babban akwati. Soket ɗin ya kamata ya zama mai wayar ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba, wadda ake kira RCD a ƙasashe da yawa, GFCI kuma a Amurka. Tana da maɓallin gwaji. Danna shi, wuta ta ɗauke, ka mayar. Abin lura a nan, wannan na'ura kan yanke wuta ba wanda ya sani, famfo ya zauna babu wuta har tsawon makonni. Shi ya sa dubanta yake cikin gwaji.

Buɗe murfin, haska tocila, tsince duk abin da ke yawo a kan ruwa. Sannan ka kawo lita 20 na ruwa ka zuba a hankali ta gefen rami, kada ka kwara a kan ƙwallon. A ramin da faɗinsa santimita 45 ne, kowace santimita ta tsayin ruwa tana daidai da kusan lita 1.6, ke nan bokiti ɗaya zai ɗaga ruwan wajen santimita 12. In bai isa ya tayar da famfon ba, ƙara na biyu.

Ga abin da idonka da kunnenka za su bi. Ƙwallon ya tashi sumul, bai goga bango ko waya ba. Famfon ya kama tun ruwa bai kai bakin bututun da ke shigo da ruwa daga harsashi ba. In sai ruwa ya rufe wannan bututun sannan yake tashi, ruwa na kwana a jikin harsashin ginin ke nan, sai a sauke makunnin ƙasa. Sautin ya zama gunji ɗaya miƙaƙƙe, babu ƙarar tsakuwa babu kakari. Ruwan ya sauka da sauri: famfo mai sulusin doki da ke tura ruwa tsayin mita 3 yakan ja lita 100 zuwa 150 a minti, don haka bokiti ɗaya bai kamata ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ba. Ya kuma tsaya da kansa, da sauran ɗan ruwa rufe da bakin shansa. Bayan ya tsaya ka ci gaba da kallo na minti ɗaya. Ɗan ruwan da ke ƙasan bawul zai dawo, wannan ba komai. Amma in ka ji ruwa na ta kwararowa ta cikin bututu, ka ga ya ƙaru da santimita biyu ko uku, bawul ya saki.

Ka riƙe agogo, ka rubuta daƙiƙun da ya ɗauka a jikin bango kusa da ramin, tare da kwanan wata. Famfon da bara ya kwashe bokiti a daƙiƙa 11, bana kuma yake ɗaukar 25, yana gaya maka wani abu tun kafin ya tsaya.

Ɗaga ƙwallo da sanda don ka ji injin ya yi gunji ba gwaji ba ne. Yana nuna injin na juyawa kawai, bai nuna ruwa na fita ba. In za ka yi, kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku.

Yanzu fita waje, ko ka sa wani ya tsaya a can yayin da kake zuba bokiti na gaba. Nan ne aka fi yin sakaci. Ruwan ya fito da ƙarfi, cike da bakin bututu. Bakin kada ya kasance binne cikin ƙasa, ciyawa ko ganye. Ƙananan dabbobi ma kan yi sheƙa a ciki lokacin da ya daɗe a bushe. Ya zubar da ruwan aƙalla mita 3 daga bango, a inda ƙasa ke gangarawa nesa da gida, in ba haka ba ruwan zai nutse ya sake komawa ramin da ya fito. Kada ya fuskanci gidan maƙwabci, kuma a wurare da yawa doka ta hana haɗa shi da bututun ƙazanta na gari, sai ka bincika ƙa'idar inda kake. A ƙasashe masu tsananin sanyi, bututun wajen dole ya gangara yadda ruwa ba zai kwanta ciki ya daskare ba.

Wannan gwaji duk wata uku ko huɗu ya isa, da kuma sau ɗaya kafin lokacin da ruwa ya fi yawa a wurinku, da kafin doguwar tafiya.

Wankin shekara

Sau ɗaya a shekara ka fito da famfon gaba ɗaya, a ranar da ba a ruwa. Tanadi sukudireba, safar hannu, babban baho, tiyo, buroshi mai tauri, ƙaramin kwano da tsumma.

Cire filogi. In akwai famfon ko-ta-kwana mai batir, shi ma kashe shi, don zai iya tashi yana jin ruwa. Kwance zoben da ke ƙasan bawul, kada ka fara da na sama: ruwan nan lita huɗu yana tsaye a kan bawul, in ka kwance sama a jikinka zai sauka. Ɗago famfon ta mariƙinsa. Kada ka taɓa jan sa ta waya, don inda wayar ta shiga jikin injin akwai liƙi, in ya saki ruwa ya sami hanya.

Ajiye shi a baho ka wanke jikinsa da tiyo. Juya shi, za ka ga rariyar da ke gindinsa. A yawancinsu 'yan kusoshi ne ke riƙe da ita. Cire ta ka duba farfela. Zare, gashi, guntun leda da tsakuwa su ne ke naɗe ta. Juya ta da yatsa, ta juya ba tare da cijewa ba, fukafukanta kuma ba su karye ko sun cinye ba. Girgiza ƙwallon makunni kusa da kunnenka. A mai waya za ka ji ɗan ƙarfe na gangarawa ciki, wannan daidai ne. Amma in motsin ruwa ka ji, ya fashe, ba zai ƙara iyo yadda ya kamata ba, sai canji. Soka siririyar waya a ɗan hujin iska. Bi wayar wuta da yatsa daga filogi har jikin injin, in akwai tsaga ko kumburi a bar amfani da shi.

Ramin kansa, kwashe ragowar ruwan da kwano, ka ɗebe laka da yashi har gindi. In ka tarar da wani jan abu mai yauƙi kamar tsatsa a bango da bakin bututu, ƙarfen da ke cikin ruwan ƙasa ne da ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a kansa. Yana toshe rariya da sauri, mai irin wannan rami ya riƙa wanki sau biyu ko uku a shekara. In kuma maiƙo ka gani yana sheƙi a kan ruwan, alhali ba a zubar da mai kusa ba, ka zargi injin: famfuna masu nutso da yawa cike suke da mai, fitarsa na nufin liƙin ya mutu, kwanan injin ya kusa ƙarewa.

Wajen mayarwa, ɗora famfon a kan shimfiɗaɗɗen bulo ko falalen dutse don kada ya zauna cikin laka, ya tsaya daram bai karkace ba. Juya shi yadda ƙwallon zai fuskanci tsakiyar fili, nesa da bango da kuma inda ruwa ke zubowa. Ɗaure wayoyi a jikin bututu sama da ruwa. Ɗaure zoben bawul, mayar da filogi, ka yi gwajin bokiti har sau uku a jere kana duba mahaɗa ko tana ɗiga.

In ya ƙi, daga ina za a fara

Shiru gaba ɗaya: gwada soket da fitila ko caja, duba akwatin wuta. In wuta na nan kuma filoginka mai goyo ne, zare na famfo ka cusa shi kai tsaye a soket. Ya tashi? Makunni ne ya mutu, shi kaɗai za ka saya. Kada ka bar shi a haka ka tafi, domin ba abin da zai kashe shi. Bai tashi ba? Taɓa jikinsa bayan ka cire wuta. In da zafi, mai yiwuwa na'urar kariyar da ke cikinsa ce ta yanke, zai dawo in ya huce, amma sai ka nemo abin da ya sa shi zafi.

Yana gurnani ƙasa-ƙasa ba ya juyawa: farfela ta cije, ko kafasitar da ke tayar da injin ta mutu. Cire wuta nan take, mintuna kaɗan a haka na iya ƙona shi.

Yana juyawa lafiya amma ruwa bai ragu ba: iska ce ta kulle shi, ko rariya ta toshe, ko an ɗaura bawul a juye, ko bututun waje ya toshe. Fara da ɗan hujin, shi ya fi sauƙi.

Yana tashi yana tsayawa kowane ɗan lokaci: bawul na mayar da ruwa, ko tazarar da ke tsakanin kamawa da tsayawar makunni ta yi kaɗan, ko famfon ya fi ƙarfin ramin. Wannan yana cin injin fiye da dogon aiki, domin a lokacin tashi ne yake jan wuta ninki biyu zuwa uku ko fiye. A makunni mai waya, ƙara tsawon wayar kaɗan yana faɗaɗa tazarar, muddin ƙwallon ba zai kai bango ba.

Ba ya tsayawa sam: ƙwallo ya maƙale a sama, ko ruwan da ke shigowa ya fi ƙarfinsa. In kuma rami ba ya rabuwa da ruwa ko da an daɗe ba a yi ruwan sama ba, rufe duk kawunan famfon da ake ɗibar ruwa a gida ka duba mitar ruwa, wataƙila bututun ruwan sha ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa.

Ƙarar bugu a bututu duk sanda ya tsaya, bawul ne ke rufewa da ƙarfi. Ba haɗari ba ne nan take, amma yana sassauta mahaɗa. Akwai bawul mai sifirin da ke rufewa a hankali.

Ko famfon ya isa gidan?

Ana aunawa a ranar da ake ruwa sosai. Bari famfo ya kwashe ya tsaya, cire filogi, sa ma'auni a rami ka ga santimita nawa ruwa ya hau a minti ɗaya, sannan ka mayar da filogin nan da nan. A ramin santimita 45, hawan santimita 10 lita 16 ke nan a minti. Ƙara rabin adadin a kai don ranar da ta fi wannan, ya zama 24. Sai ka auna tsayi daga gindin rami zuwa inda bututu ya fi tsawo, ka duba jadawalin kamfanin da ya ƙera famfon ka ga ko famfon na ba da wannan adadi a wannan tsayi. A ganinmu, sayen wanda ya fi girma don kawai hankali ya kwanta kuskure ne; zai kwashe ramin cikin daƙiƙa kaɗan ya yi ta tashi da tsayawa.

Na ko-ta-kwana

Guguwar da ke kawo ruwa ita ce kuma ke ɗauke wuta, don haka gidan da ke da kaya masu daraja a ƙasa yana bukatar famfo na biyu mai batir. Makunninsa a sama da na babban ake sa shi, kuma in bututu ɗaya suke bi, kowanne da nasa bawul. Gwajinsa: cire filogin babban, zuba ruwa har na biyun ya kama, ka fita ka ga ruwan. Batirinsa mai bolt 12 ne irin wanda ake yi don doguwar zuƙa, ba na tayar da mota ba. In ya cika ya huta, mitar auna bolt za ta nuna wajen 12.6; wanda aka yi wa caji ya kwana ya kasa riƙe 12.4 ya fara gajiya. In mai murafu ne, duba ruwansa duk 'yan watanni ka cika da tataccen ruwa (distilled water) kawai, ba asid ba, ka goge farin garin da ke taruwa a kawunansa. Shekara 3 zuwa 5 ake canja shi ko da fitilar cajar na nuna kore.

Akwai kuma wanda ƙarfin ruwan famfon gari ke tafiyar da shi, ba ya bukatar wuta, amma ba ya aiki a gidan da ruwansa ke zuwa ta injin rijiya, tunda shi ma wutar yake jira. Ƙaramar ƙararrawa mai batir da ke kuka in ruwa ya wuce iyaka ba ta da tsada, a rataya ta 'yan santimita ƙasa da bakin rami.

Famfo mai nutso da ke aiki a kai a kai yakan yi shekara 7 zuwa 10. In naka ya shiga waɗannan shekarun, lokacin kwashewarsa na ƙaruwa, ko ya fara yanke wuta, canja shi a lokacin rani ba tare da jiran ya tsaya ba. Ka tafi da hoton farantin bayanin, faɗi da zurfin rami, girman bututu da tsayin hawan. Ka sayi sabon bawul tare da shi, in kuma an yanka sabon guntun bututu, a huda masa ɗan hujin nan na milimita 5 kafin a sauke famfon cikin rami.